Mai Gyaran Talabijin da Bai Zauna Ba

Shekara talatin da ɗoriya Baba mai gyaran talabijin ya yi yana kallon ƙeyar akwati. Hoton kuwa sai dai ya hango shi a madubin da yake jinginawa gaban allon, komai a juye. Ko a gida bai iya zama ba. Duk yammacin da za a nuna wasan barkwancin nan na wani magidanci da iyalinsa, matarsa takan matsa masa a kujera ta ce, "Malam, hoton ya yi, zo ka zauna mana." Shi kuma yana bayan akwatin da sukundireba, sai ya ce, "Saura ƙiris."

Ƙiris ɗin bai ƙare ba har ta rasu.

Yanzu ya hana autarsa sakat, sai ta nemo masa wani kashi na wasan a waya, wanda ya sa uwarta dariya har ta ƙware, sai da aka ba ta ruwa.

"Baba, me ya faru a cikinsa?"

Abin da ya riƙe kawai, maigidan ya shigo da tsani, kuma ranar kore ya yi yawa a hoton.

Ta samo kashi huɗu masu tsani. Ya zauna a kujerar ya kalle su tas, hoto tar, babu abin gyarawa. Ana ta dariya a ciki, amma duk ta baƙi ce.

"Wanne ne, Baba?"

"Ina zan sani? Ko fuskar uwarki ban gani ba. Ina can ina gyaran kore."