Malam Sahabi Safiyo da Tampol ɗin da Ya Kalli Gabas

Rana ba ta gama fitowa za ka ga Malam Sahabi Safiyo ya bar Illela kan tsohon babur ɗinsa, ya ɗauro tampol-tampol a baya, kowane an yi masa fenti baƙi da fari. In ya isa fadama sai ya shimfiɗa ɗaya, ya danne shi da duwatsu, ya kafa sandar na'urarsa a tsakiya, ya jira har ta karɓo lambar wurin daga tauraron ɗan'adam. Kuma ga wata ɗabi'a tasa da abokan aiki ke masa tsiya a kanta: ba ya shimfiɗa tampol sai gefensa ya kalli arewa sak, wajen Kwanni. Daga nan sai Hindatu, abokiyar aikinsa, ta tashi ƙaramin jirgi marar matuƙi ya yi ta ɗaukar hotuna daga sama.

Da sarƙa da tef ya fara awon ƙasa, sai da furfura ta fito ya koyi kwamfuta. Amma ka gan shi gaban allon nan, lokacin da manhaja ke ɗinke hotuna su zama taswira ɗaya! Tabkin Kalmalo yakan fito a hankali, gonakin albasa su kewaye shi kore shar, shanu fari-fari kamar an watsa shinkafa a faranti. Yakan ce duk shekarun da ya yi yana taka ƙasar nan bai san kyanta ba sai da ya gan ta yadda shamuwa ke ganinta. Sai dai hoto daga sama bai san inda yake ba. Tampol-tampol ɗin nan su ne alamun da ke gaya masa, kuma in ɗaya ya yi ƙarya, taswira takan karkace kamar zanen da aka ja ta gefe guda.

Hindatu ce ta ba ni labarin burtalin Kalmalo. An yi saɓani tsakanin Badaru mai gonar albasa da su Baffa Jaɓɓo makiyaya, kwamitin sulhu ya ce taswira za ta raba. Da aka ɗora layin tsohon burtali kan sabon hoto, sai ga hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa ta faɗa cikin gonar Badaru. Ke nan za a rufe ta, garken Jaɓɓo ya rasa mashaya a tsakiyar rani.

Manhaja ta nuna alama ɗaya, wato tampol ɗaya, ba ta yarda da sauran ba, amma ba ta faɗi dalili ba. Kwamiti na jira, ana ta bugo waya. Malam Sahabi ya ƙi sa hannu. Ya jawo hoton wurin ya ƙara masa girma, ya daɗe yana kallo.

"Hindatu, zo ki gani. Mi kika gani ga wanga tampol?"

"Yana bakin inuwar gawo, Malam."

"Ni a rana na aje shi. Kuma duba, gabas yake kallo."

Suka hau babur sai rugar su Jaɓɓo. Bayan gaisuwa da tambayar shanu, Malam ya ce, "Baffa, ran da munka tashi jirgi, ko wani ya taɓa shimfiɗar nan tamu?"

Jaɓɓo ya yi murmushi. "Ni ne, Malam. Azahar ta same ni, na mance buzuna, ƙasa kuma duk laima da kashin shanu. Na ja shi inuwa na yi salla. Amma wallahi ban ɗauka ba, nan na bar muku abinku, har duwatsun na maida bisa."

Allah sarki! Da hannunsa ya gusar da hanyar shanunsa, bai sani ba. Hindatu ta ce ta zaci Malam zai yi faɗa, don aikin ya lalace ke nan. Shi kuwa dariya ya yi har da share hawaye, ya ce, "Allah shi karɓa, Baffa." Washegari suka sake awo, suka sake tashin jirgi. Burtali ya koma mazauninsa, a gefen gonar, inda kofato ya daɗe da saninsa. Badaru ya duba, ya ce shi ma bai so a ba shi abin da ba nasa ba.

Tun daga ranar, kayan babur ɗin Malam suka ƙaru. Duk inda ya shimfiɗa tampol kusa da hanya, sai ya aje tsohuwar tabarma a inuwa mafi kusa.

Kai ne, Malam Sahabi, ka ƙi gaggawa lokacin da kowa ke gaggawa. Kai ne ka ga kuskure ka tashi ka je ka tambayi ƙasa da mutanenta. Safiyon talakawa, ba ka hana mai salla salla ba, ba ka bar shanu da ƙishirwa ba. Ina ƙaunarka saboda wannan, kuma ba na jin kunyar faɗi.

A watan nan ya aje aiki. Ran bankwana Jaɓɓo ya zo tun daga Kalmalo da sabon buzu a kafaɗa, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Wanga naka ne, Malam. Ka shimfiɗa shi inda kaka so, ba mai gusa maka shi."

Mun gode, Malam. Allah shi ba da hutu mai albarka. Ku kuma masu tashin jirgi a bayansa, in alama ta ƙi zama daidai, kada ku goge ta ku wuce, ku je ku ga abin da ya same ta. In kun bi ta Kalmalo da azahar ku duba gindin gawon nan, tabarmarsa tana nan, shanu suna wucewa ta gefenta zuwa ruwa.