Cikin Yaya da ya kwanta

"Taɓa ki ji," in ji Yaya. Ta kama hannuna ta danna a mararta. "Ya tashi."

Na taɓa. Akwai tauri can ƙasa, kamar an binne ƙwallon goriba. Amma abin da hancina ya ji ya fi tayar min da hankali. Ta cika ɗakin da turaren wuta har idona na yaji, duk da haka warin na fitowa.

Yaya ce babba a ɗakinmu, ni ke bi mata. Ni na haihu har na gaji, ita ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Sau ɗaya tun muna da ƙuruciya jininta ya ɗauke, ciki ya ɗan taso, sannan ya koma. Ungozoma ta ce cikin ya kwanta ne, ranar da Allah ya so zai tashi. Yaya ta riƙe wagga magana har furfura ta fito mata. Al'ada ta daɗe da barinta, sai ga jini ya dawo, ga nauyi a mara. Ita wurinta magana ta ƙare, yaro ya farka.

Ta buɗe kwalla ta fiddo majanyi sabo, saƙi fari mai bakin ja, wanda ta saya ranar kasuwa a ɓoye.

"Yaya, mai ciki jini take yi?"

"Ke mi kika sani? Naki duk na gaggawa ne kamar na akuya. Wanga ya daɗe kwance, dole shi share hanya."

"To warin fa?"

"In kin zo yi min baƙin ciki ne, ga ƙofa."

Mijinta mai canjin kuɗin sefa ne a bakin tasha. Na tare shi a zaure na ce matarka ba ta da lafiya. Ya ce in bar ta da murnarta, shi ma ya fara duba ragon suna. Da na ga haka sai na koma mata ta wata hanya. Na ce mu je asibiti a auna, ki san watan haihuwa, kada ya zo babu shiri. Wannan ta yarda da shi.

Lokacin soja sun rufe boda. Asibitin da mutanenmu sunka fi yarda da shi yana tsallaken boda, can gaba da Ƙonni, sai dai a bi ta daji. Maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu ya ɗauke mu mu biyu a babur guda, muna ratsa gonakin gero, rairayi na kama taya. Yaya na tsakiya, ta tallabe mara da hannu biyu, tana ce masa, "Sannu-sannu malam, mu huɗu ne a kai." Da munka sauka na ga zanenta ya jiƙe ta baya. Na cire mayafina na ɗaura mata.

Likita ya duba ta bayan labule. Bai daɗe ba. Wata malamar asibiti, Bahaushiya, ita ke juya mana maganarsa. Ta ce ba ciki ba ne, ciwon daji ne a bakin mahaifa, kuma ya ci wuri da yawa, wuƙa ba ta iya cire shi. Za su ba da maganin rage zafi da na wari.

Yaya ta ce, "Tambaye shi, yana girma?"

Malamar ta dube ni, ta dube ta. "Yana girma, Inna."

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya. Ta fara gyara ɗankwali.

A lokacin ban san mi ke sa nama ya yi ta girma ba gaira ba dalili. Sai da na tsufa, bayan na koyi karatun boko, jikata mai aikin asibiti ta zaunar da ni. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace ba ta ƙaruwa sai saƙo ya zo mata cewa ta ƙaru, kuma da ta karɓa sai ta haɗiye saƙon ta kashe shi. To akwai wata ƙwayar cuta mai shiga bakin mahaifa, ta zauna shekaru shiru, tana yin wani abu da ke hana saƙon mutuwa. Ya yi ta dawowa, naman ya yi ta jin ƙaru, ƙaru. Na ce kamar totur ɗin babur in ya maƙale ke nan. Ta ce kusan haka. Na ce ashe ungozoma ta yi rabin gaskiya, akwai abin da ya kwanta, ba yaro ba ne kawai. Jikata ba ta yi dariya ba, ni ma ba dariya na nufa ba.

Munka dawo garinmu Illela. Kowa ya san ni da faɗin magana ba kwana-kwana, amma na kasa gaya mata gaskiya. Kullum in zo in wanke mata tsumma, in shanya a bayan rumbu, in koma gida. Tsumma na ƙarewa, jini bai ƙarewa. Ta rame, wuyanta ya zama kamar kara. Mijin ya daina zancen rago, ya daina ma shigowa ɗakin.

Wata rana da hantsi ina dama mata kunu ta ce, "Ke, naki suna motsi a wata nawa?"

"Tun kafin ciki ya fito sosai."

"Wanga bai motsi. Cizo yake yi." Ta juyo ta dube ni. "Kin ji abin da matar nan ta asibiti ta faɗa. Ni kunnena ya toshe ranar. Ke ba ki iya ƙarya ba, gaya min."

Na aje ludayi. Na ce, "Yaya, ba yaro. Ciwo ne, kuma ba ya warkewa."

Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce in miƙo mata kwalla. Ta fiddo majanyin, ta shimfiɗa shi a cinya, ta shafa bakin jan. Ta sa haƙori ta nemi ta tsaga, ƙarfinta bai kai ba. Ta turo min shi.

"Raba shi huɗu. Tsumman nan sun ƙare."

Na ɗauko reza.