Garin Kuka a Lagireto

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ina koyarwa a Maiyama, ina da wata tsohuwar akori-kura da lagiretonta ke yoyo kamar kwando. Duk inda na tsaya sai ta bar tabki, kaji su taru su sha. Ban damu ba, sai ranar da surukina ya aiko daga Giwa Tazo cewa ran Asabar zan kai shi Aliero ya ɗauko irin albasa na dashe.

Tsohon nan bai taɓa neman komai a wurina ba. A ganinsa ɗan boko alli kaɗai ya iya riƙewa, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Na rantse motar nan sai ta kai shi ta dawo da shi ko tari ba ta yi ba, kuma da hannuna zan gyara ta.

Na je Jega na sayo lagireto na hannu, lafiyayye, babu huda ko ɗaya. Asabar da sassafe na buɗe bonet a ƙofar gida. Na zare tiyon ƙasa ban tara komai ba, ruwan tsatsa ya wanke ni har cikin hanci. Noti uku suka fita salin-alin, na huɗu ya ƙi, sifana ta zame ta tafi da fatar yatsana. Matata ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, a kira bakanike?" Na ce ta je ta ji da tukunyarta. Na ciro tsohon lagireton, na zaunar da sabon, na ɗaure tiyo sama da ƙasa, na cika ruwa na tada inji. Ko ɗigo! Wallahi saura kaɗan in yi guɗa.

Sai ga surukin nawa a kan keke, wai ya gaji da jira. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zagaya motar, ya leƙa inji.

"Kai ka ɗaura shi?"

"Ni ne, Baba."

Ya gyaɗa kai, sannan ya ƙwala wa 'yarsa kira: "Ke, kawo min garin kuka!" Ashe da ƙuruciya ya bi manyan motoci zuwa kudu, kuma a zamaninsu da kuka ake toshe hudar lagireto. Abin da ya kamata in ce kawai shi ne, wannan ba ya yoyo. To amma a wurinmu ko ruwa ba ka sha a gaban suruki, balle ka gyara masa magana. Ya zuba ludayi guda, ya ƙara biyu, ya ce na rigakafi ne. Ni ne ma na riƙe masa murfin.

Ba mu kai Jega ba allurar zafi ta kwanta a ja, bonet ya fara hayaƙi. Na tsaya, na jira ya huce, na sa tsumma na buɗe. Wani koren abu mai yauƙi ya taso yana ɓal-ɓal, ya malalo kan inji. Wani Bafulatani da ke wucewa da shanu ya leƙa, ya ce saura tuwo.

Muka zauna gindin bishiya, ni can nesa da shi. Na tabbata mutuncina ya gama zubewa.

"Malam," ya ce, "ka san haka za ta yi?"

"Na sani, Baba."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

Na sunkuyar da kai. Can wani direban babbar mota da ya san shi ya tsaya, ya duba, ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wane gwani ne ya yi wannan aika-aika? Na buɗe baki in ɗauki laifin, tsohon ya riga ni.

"Ni na dahwa ta. Aikin yaron ga ba ya da aibi, kunya ce ta yi mai yawa."

Ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya naɗe hannun taguwa, ya tsaya a gabana.

"Kai ka san kanta. Hwaɗa min abin da za ni yi."

Na faɗa masa, daki-daki, yadda za mu wanke lagireton. Amma har muka gama, tayar motar nake yi wa bayani, don kunya ba ta bar ni na dubi fuskarsa ba.