Salansa Biyu a Motar Jibo

Ƙanena Jibo direba ne, kuma da kunne yake tuƙi. Motar da ke hannunsa tsohuwar kat-kat ce, irin mai ja da ƙafa huɗu, mai shan man gazuwal, wadda mahaifinmu ya saya a gwanjon wani aikin noma, ya rasu ya bar mana. Allurar zafi da ta mai duk sun mutu tun zamanin soja, amma Jibo bai taɓa damuwa ba. In inji ya yi tari kaɗan, sai ya faka gefen hanya ya buɗe bonet tun kafin abin ya zama magana. A haka ya shekara goma sha yana ɗauko tumatir da albasa da zogale daga fadamar Jiratawa zuwa babbar kasuwar Maraɗi, inda ni Tsahara nake da rumfa. Da motar nan ya yi aure, da ita yake ci da 'ya'yansa.

Aibinsa ɗaya, ba ya iya cewa a'a. Jibo ko akuya ta roƙe shi hularsa zai cire ya ba ta.

Sai dimokuraɗiyya ta zo. Bayan babban taron ƙasa kowa ya tashi da parti, har masu sayar da goro. Babban wanmu, Alhaji Abdulmutallib na unguwar Zariya, wanda bai taɓa sanin ko motar na da taya huɗu ba, ya ce zai tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa. Ya zo ya zagaya ta yana taɓe baki.

“Wagga mota ba ta da murya,” in ji shi. “In munka shiga gari ina so a san mun shigo. A sa mata salansa biyu.”

Na ce, “Yaya Alhaji, mota ce ko maroƙi? Ka ɗauki makaɗa mana.”

“Ke Tsahara, mi kika sani ga siyasa? Gadon ubanmu ce, ina da haƙƙi ciki.”

Na dubi Jibo ina jira ya buɗe baki. Ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Yaya.”

Aka kai ta wurin Ilyasu mai walda a Sabon Gari. Ya yanke bututun hayaƙin daga bayan inji, ya yi masa baki biyu kamar gwafa, ya bi da ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ya lanƙwasa su bisa ƙafar baya. Tukunyar da ke rage ƙara kuwa Alhaji ya ce a jefar, ai ita ce mai laifin. Aka ɗaura mata da noti wasu bututai masu ƙyalli da aka sayo a Jibiya. Da aka tada ta, kajin unguwa sai da suka haura katanga.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Jibo ma ya ji daɗi. Mutumin da ba wanda ya taɓa waiwayarsa a titi, yau matasan parti na bin sa da tafi, suna kiransa Mai Aradu. Ya sayi baƙin tabarau. Na tare shi na ce, “Kai Jibo, cikin wannan rugugi kana jin injinka kuwa?” Ya yi dariya ya ce, “Yaya Tsahara, bayan zaɓe sai a maida ta yadda take.”

Ba ta kai zaɓen ba. Ranar mitin na Tibiri aka lafta mata matasa har bisa rufi, ga lasifika, ga ganguna. A dawowa Alhaji ya ce a yanka ta yashin gulbi don ƙauyuka su ji. Robar ruwan sanyaya inji ta fashe a hanya. Da can Jibo zai ji canjin muryar inji tun ruwan bai ƙare ba. A ranar bai ji komai ba sai aradunsa, yana ta taka mai har injin ya ƙone ƙurmus. Alhaji ya sauka ya shiga motar wani, ya bar Jibo cikin rana. Da shanu aka jawo ta gida.

Alhaji ya faɗi zaɓe. Ya ce za a gyara, in sha Allahu. Muna cikin jiran in sha Allahunsa aka karya darajar kuɗin Sefa, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, ma'aikata na yajin aiki, kowa na ta kansa. Manoman Jiratawa suka jira har suka gaji, suka koma wa wata mota, kuma ban ga laifinsu ba, tumatir ba ya jiran kowa. Jibo ya koma tura kurar ruwa a unguwa. Duk safiya dai sai ya share motar da tsumma.

Da aka rushe majalisa aka kira sabon zaɓe, sai ga Alhaji a wata motar haya. Na ɗauka kunya ce ta kawo shi.

“Jibo, bututan nan masu ƙyalli suna nan lahiya? Kwance mani su, za a sa ma wagga.”

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Yaya Alhaji, ka ji tsoron Allah! Ka kashe mashi mota, ka kashe mashi sana'a, yanzu gawar ka zo ka yi wa sata?” Na juya ga Jibo na ce, “Yau ɗaya ka ce a'a. Ni zan tsaya maka.”

Jibo ya dube ni, ya dubi wanmu. Ya shiga ɗaki ya fito da sifana, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar. Ya kwance bututan ya turo su waje ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya sa aka kwasa, suka tafi.

Jibo bai fito ba. Na tsuguna na kira sunansa. Ƙafafunsa kawai nake gani, da buhun da ke motsi saboda kukan da yake yi.