Ranar da soron Kaka ya zauna

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen bangon ƙasa, sai gabana ya faɗi. Wari ne mai nauyi, ba irin ƙamshin ruwan fari ba.

Ina 'yar firamare lokacin, muna gidanmu na Ƙofar Taramniya. Kakana, mahaifin babanmu, yana da soro a gefen zaure, inda yake ajiye takardun da ya kwafa da hannunsa tun yana saurayi. Ni ma can nake ɓoye littattafaina saboda ƙannena.

A daminar shekarar ruwa ya yi ta zuba har azarar soron ta fara kuka. Da hantsi muka ji wani ƙas! Ƙasa ta soma zubowa. Babanmu ya sungumo Kaka ya fito da shi tsakar gida, amma tsohon ya fizge, ya nufi ƙofar.

"Baba, ina za ka?"

"Sake ni! Takarduna na ciki!"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Na ƙanƙame zanen innarmu. Babanmu ya riƙe shi ta baya, suna kokawa cikin taɓo, sai soron ya zauna gaba ɗaya a gabansu. Ƙurar ta taso duk da ruwan.

Da aka tone, tawadar ta bi ruwa. Kaka ya riƙa ɗaga takardun ɗaya-ɗaya yana dubawa. Bai yi kuka ba. Bai kuma sake riƙe alƙalami ba har ya rasu.

Yanzu ina koyarwa a unguwar Minanata, ina kuma ƙaro karatu. Kwanan baya na zauna zaɓen manhajar da zan riƙa rubuta darussa da bayanan bincikena a waya. Abokiyar aikina tana ta yaba wata mai launuka da ado. Ni tambayata ɗaya ce.

"Malama, in wayar ga ta faɗa ruwa fa?"

"Komi na nan ajiye a intanet."

"In masu manhajar suka rufe ta fa?"



Na zaɓi wadda ke barin kwafi a waya da kwamfuta, ke kuma bari in fitar da rubutuna in buga. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Kaka ya san inda takardunsa suke, har ya yi yunƙurin rugawa ya cece su. Ni ko ƙofar da zan nufa ban sani ba.