Butar Kawu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da aka karɓe takardar tuƙin kawuna ba, domin da hannuna aka karɓe ta.

Zamanin Faransa ne, lokacin da manyan motocin gyaɗa suka fara yawa a Matamaye. Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana jan ɗaya, da ita yake ciyar da gidansa da namu. Ni kuwa ina lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, in hutu ya ƙare shi ke mayar da ni. Ina gaba kusa da shi, fasinja suna bisa buhuna.

Ran nan kafin mu tashi na ɗauki butarsa ta ƙarfe zan yi alwala. Ya fizge ta, ya ce, "Ba wannan ba, ɗiyata!" Amma na riga na tsiyaya a tafin hannu, kuma ba ruwa ba ne, barasa ce. Na je na wanke hannuna, na ja bakina na yi shiru. Sai ranar na gane dalilin kanumfarin da yake tauna kullum.

Mun wuce Kance, rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi, muka iso wata tsamiya da direbobi suka saba yi wa sallama. Kawu ya taka birki har buhu ya faɗo. "Wuce, baiwar Allah," in ji shi, yana kallon hanya, alhali babu kowa. Ya ja kaɗan, ya sake tsayawa. Har sau uku.

Ashe wani jandarma Bature yana bayanmu a kan babur, duk ya gani. Bai zo da tafinta ba, da ya ga littafi a cinyata sai ya ce in sauko in yi masa tafinta. Ya ce mota ta tsaya ba dalili, ga idon direba jajur, wannan ya isa ya gwada shi. Wata tsohuwa mai daddawa ta leƙo daga sama. "'Yar nan, faɗa masa aljanar tsamiya ce ta tare hanya. Duk mun gan ta!" Ba su ga komai ba, asirin Kawu suke rufewa.

Baturen ya ja layi a rairayi da takalminsa, ya ce Kawu ya bi. Ya bi sarai har tsakiya. Can sai ya ratse gefe, ya ɗan rusuna kamar mai ba babba hanya.

"Ke kin ga matar?" in ji Baturen. Na ce ban gani ba. "Me yake sha?" Kawu ba ya jin Faransanci, amma ya gane, ya zuba mini ido. Na ɗaga kai, na hango wata mai goyo bisa buhuna tana gyara wa jaririnta hula. Na nuna butar.

Aka karɓe takardar, aka ce sai wata kakar. Mahaifiyata ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba, tuwon gidanmu ma ya ragu. Kawu bai koma tuƙi ba. Bayan shekaru, ranar sunan ɗana na fari, ya kira ni gefe ya ce, "Wata mata na taɓa bugewa da mota a wurin tsamiyar nan, ta ɗauko ruwa, ban tsaya ba. Don in iya wucewa nake sha. Da kika nuna butar nan, na je na nemi danginta gafara. Tun daga nan ban ƙara ganinta ba."

Abu ɗaya ne ban faɗa wa kowa ba. Inda Kawu ya ratse, na ga rairayin a jiƙe, faɗin tafin ƙafa, a cikin ranar nan mai ƙuna. Allah ne masani.

Abin da na koya shi ne, in shirunka zai sa rayukan mutane cikin haɗari, to ba rufin asiri ba ne. Kullum na ɗauki buta zan yi alwala, sai na sa Kawu da matar nan a addu'a.