Dambun da jikana ya mayar wa murfi

Karatuna a aji huɗu na lakkwal, wato makarantar boko, ya tsaya, don haka Faransancina bai wuce na faɗa da mai taksi ba. Ingilishi kuwa kalma ɗaya na sani, ita ma da ban san ta ba da ya fi mini.

Jikana ne ya shigo da ita gidanmu na unguwar Banifandu a Yamai, lokacin da ya zo hutu daga birnin Akara, inda ubansa ya tura shi karatu. Tun da safe kakarsa take turara dambu. Ta gyara kopto, zogale ke nan a bakin mutanen Yamai, ta daka ƙuli, ta yanka albasa har idonta ya yi ja. Gwiwa na damunta, amma ta hana kowa taɓa tukunyar, wai abincin angonta ne. Ni da na aure ta da gaske ban taɓa ganin wannan gata ba.

Aka ajiye masa kwano. Ya buɗe, ya leƙa, ya mayar da murfi. Sai ya juya wurin ƙanwarsa ya yi wani yare, a ciki na tsinci "rather".

Na ce, "Kai, ɓarawon matar mutane, me ka ce?"

Ya ce, "Tsoho, cewa na yi gara in ci burodi da sardin. Ba zagi ba ne. In abu biyu na gabanka ka fi son ɗaya, ita ake faɗa, ladabi ne ma a wurinsu. Mushenmu, wato malaminmu, ya ce asalinta tsohuwar kalma ce mai nufin da wuri, wato abin da ranka ya riga kaiwa."

Na ce, "A gai da mushe. Ina abu biyun? Ni kwano ɗaya nake gani."

Mu ma muna da gara, muna da gwamma. Amma a Maraɗi inda na tashi, a kasuwa ake zaɓe. In an sa maka abinci, ko cikinka zai fashe sai ka wanke hannu ka yi loma, ka gode. Kuma a rasa abin da za a fifita sai kifin gwangwani, wanda ba a san shekarar da ya mutu ba, yana kwance cikin mai! Tir.

Tsohuwa ta taso. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki kwanon, ta haɗa da tukunyar, har da rabona a ciki, ta nufi gidan maƙwabta tana ɗingishi.

Ya bi ta a guje. "Kaka, tsaya, wallahi zan ci!"

Ta ce, "A'a, angona. Aure ya ƙare, je ka nemi ƴar Akara."

Dariya ta yi, amma na san muryarta.

Ranar ni ma burodi da sardin na ci, ƙarni bai bar gemuna ba har la'asar. Har hutunsa ya ƙare ba a sake ɗora dambu a gidan ba, kuma ni ne na fi kowa shan wahalar.